Rediyo, Majigi da Wayar Salula: Wanne Zai Koya wa Yaran Achida Turanci?

A watan Nuwamba na shekarar 2025 ne Ministan Ilimi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa a Abuja cewa gwamnati ta janye tsarin nan na koyar da yaran firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022. Ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko har zuwa jami'a, kuma dalilin da ya bayar shi ne yawan faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa irin su WAEC da NECO da JAMB. Masana sun yi ta ka-ce-na-ce a kan wannan mataki, wasu na yabo, wasu na suka. To amma idan mutum ya baro Abuja, ya kamo hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Goronyo, ya tsaya a Achida, zai tarar maganar tana da wani nauyi dabam, domin a nan akwai yara da manya masu ɗimbin yawa waɗanda ake so su ji Turanci, alhali kuwa ko Hausar da suka tashi da ita ba su iya karanta ta a takarda ba tukuna.

Achida gari ne na kasuwa a cikin ƙaramar hukumar Wurno. Ran da kasuwa ke ci za ka ga shanu da tumaki da awaki, ga albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Wurno da na Goronyo, inda madatsar ruwan da aka gina a kan Gulbin Rima ke ba manoman rani ruwa. Hausa ake yi ko'ina, Hausar Sakkwatawa, sai Fulatanci can wajen kara. Yaro zai iya wuni ya kwana, har ya yi mako guda cur, bai ji jimla ɗaya ta Turanci daga bakin wani ba. Amma fa Turancin yana biye da shi duk inda ya juya. Yana jikin kwalbar maganin feshi da ubansa zai zuba wa albasa, yana jikin kwalin maganin zazzaɓi da uwarsa za ta ba ƙanensa, yana cikin saƙon banki da ke shigowa waya, yana kan 'yar takardar da mai POS ke miƙowa. Wanda bai iya karanta waɗannan ba, tilas ya dogara da bakin wani, kuma ba kowane baki ne ke faɗin gaskiya ba.

Girman matsalar kuwa an auna shi. A 2011, da kuma 2013, an gwada karatun yaran ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wato USAID. Ana ba yaro ɗan gajeren labari da Hausa a ce ya karanta. Mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Mai karatu ya lura, da Hausa aka gwada su, harshen da suke ciniki da faɗa da wasa da shi. Saboda haka yaron da ya zauna gaban littafin Turanci a irin waɗannan makarantu kaya biyu ne a kansa: bai san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti ba, kuma ko da ya haɗa, bai san abin da sautin yake nufi ba.

Da yake zamani ya zo da na'urori, duk inda aka zauna a yi maganar nan, ko a taron iyaye da malamai ne, ko a kwamitin ikilisiya da ke da 'yar makaranta ko ajin yamma na manya, ba a daɗewa sai wani ya ce a sayi kwamfuta. Na ji wannan shawara fiye da sau ɗaya, kuma masu ba da ita da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai kuɗin jama'a ne, baiko ne da aka tara da gumi, ya kamata kafin a kashe shi a tambayi waɗanda suka riga mu gwadawa abin da suka gani.

Ba yau aka fara kawo na'ura ƙasar nan don a ilimantar da jama'a ba. Dattawa suna tuna majigi, motar nan da ke zuwa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna hotunan tsabta da rigakafi da noma, irin su Baban Larai. Wannan ya yi tashe ne a zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA da ke Zariya kuma tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, har lardin Sakkwato ya sami tasa mai suna Zaruma. Firimiyan da ya riƙe Arewa a mafi yawan shekarun nan, Sir Ahmadu Bello, ɗan Rabah ne, nan kusa da mu, kuma malamin makaranta ne tun asali, ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Abin lura game da majigi shi ne, duk kyawun hoton, akwai wani mutum tsaye gefe da lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Ran da mai bayanin ya iya aikinsa, jama'a su koma gida da darasi. Ran da bai iya ba, an dai sha kallo. Kuma ba wanda ya iya karatu ta majigi. Waɗanda suka iya, a gaban malami da allo suka iya, Zaruma kuwa ta ba su abin da za su ci gaba da karantawa don kada karatun ya gudu.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin ba na'ura matsayin malami gaba ɗaya. Ƙasar Kwaddibuwa ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1971, ana watsa darussa daga garin Buwake zuwa dubban azuzuwa, aka kashe kuɗi na fitar hankali, amma a 1982 aka rufe shirin bayan iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yara sun iya surutu da Faransanci amma rubutu ya gagare su. A 2005 kuma wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka mai arha, har aka gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ce ta fi kowa rungumar shirin, ta sayi fiye da guda 800,000. Da aka bi makarantun karkara 319 aka auna, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma a karatu da lissafi ba su fi waɗanda ba a ba su ba.

Rediyo kam ya fi waɗannan abin nunawa, in an san yadda za a yi da shi. A farkon shekarun 1980 an yi wani shiri a Kenya na koya wa yaran karkara 'yan aji ɗaya zuwa uku Turanci ta rediyo, rabin awa kowace rana. Dabarar ita ce, muryar da ke cikin rediyon ba ta yin dogon jawabi. Za ta yi tambaya ta yi shiru, yara su amsa da ƙarfi, ta faɗi amsar da ke daidai, ta ce a tashi, a zauna, a taɓa kai, a nuna ƙofa, malamin aji kuma yana tsaye yana lura da wanda bai buɗe baki ba. Yaran da suka bi wannan shiri sun fi takwarorinsu jin Turanci. A nan gida ma Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989, ta yi amfani da shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Najeriya na Kaduna don isa ga waɗanda makaranta ba ta iske su ba. Sa'an nan a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama sun koma ga rediyo. Duk wanda ke da yara a gida a lokacin ya ga abin da ya faru: gidan da akwai yaya ko uwa da za ta zauna da yaro ta ce ɗauko fensir, an ɗan amfana, gidan da babu, rediyon ya yi ta magana shi kaɗai, yaro yana waje yana wasan taya.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu an yi shi ne a ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka fiye da ɗari a jihohin Dosso da Damagaram, maza dabam, mata dabam, ana koyarwa da harsunan mutanen, musamman Hausa da Zabarmanci. Wata malama daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, tare da abokan aikinta, suka raba ƙauyukan gida biyu. Kowa ya sami malami iri ɗaya da littafi iri ɗaya, amma a rabin ƙauyukan an ƙara abu guda: an koya wa ɗalibai yadda za su kunna 'yar ƙaramar waya, su gane lambobi da haruffan da ke jikinta, su rubuta saƙo su aika. Waya ɗaya ce ga kowane mutum biyar. Da aka yi jarrabawa, ƙauyukan da ke da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji sun fi sauran riƙe abin da suka koya.

Me ya kawo haka? Wayar ba ta koyar da kowa komai ba. Abin da ta yi shi ne ta ba mutum dalilin yin rubutu bayan an tashi daga aji. A lokacin saƙon tes ya fi kira arha nesa ba kusa ba, saboda haka matar da mijinta ya tafi cin rani, ko manomin da ke son jin farashin gero a wata kasuwa, ya ga riba a fili cikin iya harhaɗa baƙaƙe. A nan ne nake so masu karatu su tsaya su yi tunani, domin abin ya juya. Yau wanda ke da babbar waya ba ya bukatar rubuta komai. Zai danna ya yi magana a WhatsApp, saƙon murya ya tafi, amsa ta dawo da murya. Na san mutanen da suka shekara biyar suna riƙe da waya mai tsada, suna gane sunayen abokansu ta hoto, ba su taɓa rubuta kalma ɗaya ba. Ashe na'urar da ta ja mutanen Damagaram zuwa ga karatu ita ce kuma za ta iya sa na Achida su ga ba su da bukatarsa. Ya rage ga malami ya ƙirƙiro dalilin da kasuwa ta daina bayarwa.

Kafin mu zo ga yadda zai yi haka, akwai maganar da ba na ganin za a iya tsallake ta, ko da kuwa ta saɓa wa sanarwar Abuja: a fara da karatun Hausa. Rubutun boko na Hausa mai sauƙin kai ne. Wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi. Wanda ya gane ba, bi, bu, da ka, ki, ku, ya kama hanya, cikin 'yan watanni zai karanta wasiƙa. Haka iyayenmu da yawa suka iya karatu a azuzuwan majami'a bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da yawansu ba su taɓa shiga makarantar gwamnati ba. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, harafi ɗaya ya yi wannan kuka a nan, ya yi wani a can, wani ma a rubuta shi amma ba a furta shi. Sa yaro ya koyi sirrin haɗa baƙi a cikin irin wannan harshe, wanda kuma bai taɓa ji ba, kamar a koya wa mutum iyo ne a tsakiyar gulbi da damina. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife daga 1970: aka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami, kuma da aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe tun da wuri, ba su gaza a Turancin ba, a wasu darussa ma sun fi.

A kan wannan tunani aka gina shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a makarantun gwamnati na Sakkwato da Bauchi daga wajen 2016, inda yaro ke fara karatu da Hausa, ana shigo masa da Turanci sannu a hankali, kowane yaro da littafinsa, malami kuma da jagoran darasi. Hukumar da ta ɗauki nauyinsa, USAID, gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Littattafan dai da malaman da aka horar suna nan cikin jihar, kuma duk mai shirin buɗe aji zai yi wa kansa gata in ya nemi ɗaya daga cikin malaman nan ya zauna da shi kafin ya je shagon masu sayar da kwamfuta.

Wani abin kuma da bai kamata baƙo ya yi kuskure a kansa ba shi ne ɗaukar cewa duk wanda bai iya boko ba bai san rubutu ba. Wannan ƙasa ta daɗe da alƙalami. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, a can kuma aka binne shi a 1837, ya bar littattafai masu yawa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda jajis ke haddace waƙoƙinta na ilimi su kai wa matan ƙauyuka, wato darasi ya shiga ta kunne, a maimaita shi har ya zauna. Yaron maƙwabcinka da ya yi shekara uku a makarantar allo ya riga ya san cewa alama a kan allo tana tsaye ne a madadin sauti, ya kuma saba da zama da maimaitawa. Rabin aikin ke nan an yi. Abin da zai ba shi wahala shi ne juya hannu daga dama zuwa hagu, da saba wa sababbin haruffa.

To, in an kafa wannan tushe, ina amfanin na'ura? Amfaninta na farko shi ne kunne. Malamanmu da yawa su kansu ba su sami wanda ya furta musu Turanci daidai ba, kuma ba laifinsu ba ne. Bahaushe ba ya bambanta p da f, saboda haka "pan" da "fan" duk ɗaya ne a kunnensa. Harafin v yakan koma b. Baƙaƙe biyu ko uku a jere ba su zauna mana a baki ba, sai mun cusa wasali a tsakani, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "screw" ya zama sukuru. Wanda ya iya karatun Hausa kuma yana da nasa tarkon: harafin c a wurinmu shi ne na ciki da cokali, don haka in ya ga "cat" zai karanta ta da wannan sauti. Waɗannan abubuwa ba a gyara su da bayani, sai da ji da maimaitawa, sau ashirin, sau hamsin. Malami yana gajiya, yana fushi, muryarsa tana dushewa. 'Yar rediyon nan mai cin katin memori, wadda ake sayarwa a kowace kasuwa, ba ta gajiya.

Ga yadda muke yi a ajin yamma da nake taimakawa, inda akwai matan aure da samari masu sana'a da 'yan yara da suka daina zuwa makaranta. A nemi mutum ɗaya mai kyakkyawan lafazi, ko malamin sakandare ne ko ɗan bautar ƙasa, ya karanta shafin da za a yi a makon, a hankali, yana barin fili bayan kowace jimla, a ɗauki muryarsa da waya. Kada ya wuce minti uku. A aji sai a kunna, kowa da takardarsa a gabansa, yatsa a kan kalmar da ake furtawa. Wannan yatsa shi ne dukan sirrin. In babu takarda a gaban ɗalibi, to sauraren rediyo kawai yake yi. Bayan an tashi, a tura wa duk mai waya muryar ta Bluetooth, ba a bukatar data ko sabis. Wanda ba shi da waya ya haɗu da maƙwabcinsa. Kalmomin farko kuwa mukan ɗebo su ne daga waɗanda Hausa ta riga ta ara: tebur, bokiti, kofi, fensir, direba, soja, tela. In ɗalibi ya ga ashe ya daɗe yana furta Turanci bai sani ba, sai ka ga fuskarsa ta saki.

Amfani na biyu shi ne maganin kunya, kuma wannan ya fi shafar manya. Magidanci mai 'ya'ya biyar ba zai miƙe a gaban yara ya yi ta tuntuɓe a kan kalma ɗaya ana dariya ba. Zai zo sau biyu, ran na uku ya ce aiki ya yi masa yawa. Amma in yana da muryar a wayarsa, ya saƙala abin ji a kunne a gona ko a bakin shago, zai maimaita yadda ya ga dama ba mai ganinsa. Har mukan ce kowa ya ɗauki muryar kansa yana karanta shafin, ya saurara, ya gwada da ta malam. Mutum yakan ji kuskurensa da kansa fiye da yadda zai yarda in wani ne ya faɗa masa.

Na uku shi ne kyamara. Aikin gida da ya fi kowane karɓuwa a wurinmu shi ne a ce kowa ya ɗauko hoton wani rubutun Turanci da ya ci karo da shi a cikin mako: jikin buhun taki, kwalin magani, allon asibiti, takardar makarantar yaro. Sai malami ya kwafe shi a baƙin allo da manyan haruffa, a warware shi tare. Wata mai sayar da abinci ta taɓa kawo 'yan takardun POS guda biyu ta ce, "Malam, ka duba mini waɗannan, duk iri ɗaya nake ganinsu, amma an ce ɗaya kuɗi sun shiga, ɗaya ba su shiga ba." Ranar ba mu yi wani darasi ba sai kalmomi biyu, "approved" da "declined". Aka rubuta, aka furta, aka ƙirga haruffa, kowa ya kwafa a littafinsa. Wani manomi kuma ya kawo kwalbar maganin ƙwari, muka nemo inda aka rubuta yawan da za a zuba a ruwa, da ranar da maganin zai lalace, da kwanakin da za a jira kafin a girbe. Ba na jin akwai manhajar kwamfuta da aka tsara a Turai da za ta san cewa waɗannan ne kalmomin da mutumin Achida ke bukata a wannan mako.

Dalilin da ya sa nake ta nanata ƙaramar na'ura marar bukatar intanet, kowa a gabashin Sakkwato ya san shi. Wuta ba ta tsayawa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don darasin awa ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga, wata guda bayan haka kuma aka kai harin kasuwar Goronyo da ya ci rayuka fiye da 40. A Gandi, cikin ƙasar Rabah, jama'a da yawa sun taru gudun hijira tun bayan harin Tabanni na 2018, da yaransu da karatu ya yanke musu. Gwamnatin Tarayya da UNICEF sun buɗe wani dandalin darussa na intanet a 2022 mai suna Nigeria Learning Passport, abu ne mai kyau ga wanda ke da babbar waya da data da sabis. Amma ɗakin da aka cika da kwamfutoci ba ya gudu in an ce a gudu, kuma yana jan idon ɓarawo. Katin memori kuwa mace za ta ƙulle shi a bakin zane, 'yar rediyo ta shiga cikin buhu, ƙaramin farantin sola ya caja ta duk inda aka sauka.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, kallo ba karatu ba ne. Akwai makarantun kuɗi da ke kunna wa yara zanen barkwanci na Turanci awa guda, a ce ana koyon harshe da na'ura. Yaro zai kwaso 'yan kalmomi, amma idonsa bai sauka a kan harafi ko ɗaya ba. In dole sai an yi kallo, a zaɓi wanda ake rubuta abin da ake faɗa a ƙasan hoton. A Indiya wani malami mai suna Brij Kothari ya sa aka riƙa rubuta baitocin waƙoƙin fim a ƙasan talabijin da harshen da ake rera su, tun daga ƙarshen shekarun 1990, aka kuwa ga masu raunin karatu suna ƙaruwa, domin ido yana bin abin da baki ya riga ya haddace. Mu da ke da ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar mata masu rera waƙa kowane mako, ba mu da uzurin rashin gwada wannan da alli da allo. Na biyu shi ne fassarar waya. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, kuma yana taimako in mutum ya maƙale a kan kalma. Amma ɗalibin da ya saba miƙa wa waya kowace jimla ta juya masa, zai shekara yana aikin gida ba tare da Turanci ya ratsa kansa ba.

Saboda haka in kwamiti ya tara kuɗin kwamfuta ɗaya ya tambaye ni, zan ce a raba su. Kaso mafi girma ya tafi ga alawus na wanda zai tsaya gaban ajin, domin azuzuwan yamma da na sani sun mutu, yawancinsu ran da malami ya gaji da aikin kyauta ne suka mutu. Sa'an nan a buga takardun karatu, kowane ɗalibi da tasa da zai tafi da ita gida, Hausa a zangon farko, Turanci ya biyo baya. Abin da ya rage ya isa a sayi rediyo mai memori guda biyu, da ƙaramin sola, da alli. Kuma kafin a fara, a zauna da kowane ɗalibi shi kaɗai, a ba shi ɗan labari na layi biyar, a duba agogon waya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a rubuta adadin a gaban sunansa. Bayan wata uku a sake ba shi wani labarin mai tsawo ɗaya, a sake ƙirgawa, a kawo takardar gaban kwamiti.